Yadda Ake Haɗa Kujerun Cin Abinci Guda Shida a Gida

Teburi ba ya wahalar da kafinta kamar kujera. Shi teburi ajiye shi ake yi wuri guda, a ɗora masa kwano a sauke. Kujera kuwa ja ake yi, a tura, a faɗa mata da ƙarfi, wani ya ƙoshi ya jingina har ya ɗaga ƙafafun gaba sama, nauyinsa gaba ɗaya ya koma kan ƙafafun baya. Duk wannan wahala a gaɓa ɗaya take taruwa, wato inda katakon gefe ya shiga cikin ƙafar baya. Ka duba duk kujerar da ta fara rawa, can ciwon yake somawa. Saboda haka a bayanin nan za ka ga na daɗe a kan wannan gaɓa, na wuce wasu abubuwan da sauri.

Abu na biyu kuma, kujera ɗaya ba ita ce shida ba. Idan ɗaya ce, duk yadda ta fito an karɓa. Amma in shida suka jeru a gefen teburi, wadda ta fi sauran tsawo da rabin santimita ido zai kama ta tun daga bakin ƙofa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Awo kafin zarto

Fara da auna teburin. Yawancin teburan cin abinci tsayinsu santimita 75 ne, kujerar da ta dace da su kuma mazauninta santimita 45 daga ƙasa. Tazarar santimita 28 zuwa 30 tsakanin mazauni da saman teburi ita ke sa mutum ya ci abinci ba tare da ya ɗaga kafaɗa ko ya duƙa ba. In teburinka yana da faffaɗan katako a ƙarƙashin samansa, ka tabbata cinya za ta shige.

Kujerar da zan bayyana faɗinta santimita 44, zurfinta daga gaba zuwa baya 42, tsayin bayanta 90. Kada ka ƙara zurfin da sunan jin daɗi, don in ya yi yawa bakin mazauni zai riƙa tokare bayan gwiwa, mai zama ya kasa kaiwa ga majingina.

Kujerun ƙwararru galibi gabansu ya fi bayansu faɗi, kamar 45 a gaba 38 a baya. Sun fi kyau, babu musu. Sai dai hakan na nufin kowace gaɓar gefe sai an karkata ta wajen digiri 5, kuma nan ne sabon hannu yake ɓata katako. Shawarata, saitin farko ka yi shi miƙaƙƙe, gaba da baya faɗi ɗaya.

Kowace kujera tana buƙatar ƙafafun baya biyu masu tsawon santimita 90, da ƙafafun gaba biyu masu 43 (kaurin mazauni zai cike sauran biyun), dukkansu santimita 4 kowane gefe. Sai katakai huɗu da za su zagaye ƙarƙashin mazauni, kauri milimita 22, faɗi santimita 6.5: na gaba da na baya tsawonsu 40.6, na gefe 40, har da harsuna, wato siraran ƙarshen katako da za su shiga ramin da aka haƙa a jikin ƙafa. Sai allunan majingina biyu, da siraran sanduna biyu da za su haɗa ƙafafu ta ƙasa, da mazauni. Ka ninka wannan sau bakwai, ba shida ba. Kashi na bakwai na gwaji ne da na maye gurbin wanda ya lalace, kuma wani zai lalace.

Katako

Kujera tana son katako mai tauri: maɗaci, iroko, tik da danginsu. Katako mai laushi yana da daɗin yanka, amma ramin da ka haƙa a jikinsa zai riƙa buɗewa a hankali duk lokacin da aka jingina, har harshen ya sami wurin motsi. Shi sai dai don kujerar gwaji.

Abin da ya fi irin katakon muhimmanci shi ne bushewarsa. Ɗanyen katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, harshen da ya shiga rami tsam a yau, bayan wata uku ya koma yana lilo a ciki. In kana da na'urar auna danshi, ka nemi kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In babu, ka jera allunan a ɗakin aikinka, ka sa ƙananan sanduna a tsakaninsu iska ta riƙa ratsawa, ka bar su mako biyu ko fiye. Wanda zai murɗe, gara ya murɗe yanzu.

Ka ware allunan da jijiyarsu, wato layukan da ke bin jikin katako, ta fi miƙewa, marasa ƙulli, don ƙafafun baya. Sauran sassa za su iya haƙuri da ɗan aibi.

Kayan aiki ba su da yawa: tef ɗin awo, sikwaya ta daidaita kusurwa, fensir da wuƙar zana layi, zarto, abin fere katako, kurfi mai faɗin milimita 8 da wani mai faɗin 20 ko fiye, gudumar katako, injin huda, sanfefa, farin gam na katako, da ƙarafan matsewa aƙalla huɗu masu buɗewa santimita 60. Injin yanka lanƙwasa yana rage wahala sosai wajen ƙafafun baya. Ka sa tabarau da takunkumin hanci, musamman in iroko ne, don ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi har da sarƙewar numfashi.

Samfurin ƙafar baya

Samo siririn filawud, ka zana ƙafar baya a kansa daidai girmanta, kamar kana kallonta daga gefe. Daga santimita 34 zuwa 46 daga ƙasa, fuskar gaba ta zama miƙaƙƙiya sak, domin nan katakon gefe zai jingina kafaɗarsa, wato bakin katakon da ya rage a gindin harshe. Daga nan zuwa sama ƙafar ta kwanta baya kamar digiri 8, wanda zai sa ƙarshenta ya ja baya wajen santimita 6. Daga ƙasan mazauni kuma ta fita baya santimita 4 zuwa 5, wannan fitar ce ke hana kujera kifewa idan an jingina. Ka yanke samfurin, ka goge bakinsa sumul, ka zana wurin kowane rami a jikinsa. Daga yanzu tef ya huta, da wannan samfur za a zana ƙafafu goma sha huɗu.

Kafin ka taɓa katakon kirki, haɗa kujera ɗaya da katako mai araha, da sukuru kawai, ba gam ba rami. Ka kai ta gaban teburin ka zauna, ka ci abinci a kanta, ka sa wanda ya fi kowa tsawo a gidan da wanda ya fi gajarta su gwada. Yini guda za ta ci maka. Da yawa suna tsallake wannan mataki, sai sun gama shida su gane majingina tana danna ƙashin baya.

Yanka

Ka fere allunanka su zama kauri ɗaya, sannan ka yanka kowane sashe a jere: duk ƙafafun gaba lokaci guda, duk katakan gefe lokaci guda. Kada ka auna kowanne da tef. Ka kafa ɗan guntun katako a kan teburin aiki a matsayin matokari, kowane katako ya zo ya tokare shi, ka yanka. Ko da awon ya kauce da milimita ɗaya, duka sun kauce tare, ba wanda zai sani.

Ƙafar baya tana buƙatar allo mai faɗin santimita 11 ko sama. In allon ya fi haka faɗi, ka jera zanen ƙafafun suna rungume da juna, ka rage asara. Ka lura jijiyar katakon ta bi tsawon ƙafar gwargwadon iko. Inda jijiya ta ratsa ƙafa a karkace, nan za ta karye wata rana. Ka yanka a wajen layi da kaɗan, sannan ka matse ƙafafu biyu biyu tare ka fere su har su zama tagwaye. Ƙafafun gaba kuma ka bar musu rarar santimita 2 a sama, don kada bakin ya tsage lokacin haƙa rami. Daga baya za ka datse.

Yanzu ka jera ƙafafun a tsaye yadda za su kasance a jikin kujera, ka rubuta "dama" da "hagu" a kan kowace, ka yi alama a fuskokin da rami zai shiga. Kada ka raina wannan. Na taɓa kwana biyu ina haƙa ramuka, ina jin daɗin yadda suke fita tsaf, sai da na zo haɗawa na tarar ina da ƙafafun hagu takwas, na dama huɗu. Rami kuwa in ya haƙu ya haƙu.

Rami da harshe

Ƙusa ba ta riƙe kujera. Sukuru ma, in shi kaɗai ne, yana ɗaukar shekara ɗaya ko biyu sannan ya fara cin katakon da ke kewaye da shi. Abin da ke riƙe kujera shi ne a fitar da harshe a ƙarshen katako, a haƙa masa rami a jikin ƙafa, ya shiga ya cika ramin, gam ya kama katako da katako a fili mai faɗi.

Ƙa'idar ita ce kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. Ga katako mai milimita 22, harshe mai 8 ya yi, milimita 7 ta rage kowane gefe ta zama kafaɗa. Faɗin harshen santimita 4.5: a bar 1.5 a sama, rabin santimita a ƙasa.

Ga inda dabara take. Kowace ƙafa harsuna biyu ne ke shiga cikinta a tsayi ɗaya, ɗaya daga gefe ɗaya daga gaba ko baya, kuma ƙafar santimita 4 ce kacal. In ka ba su tsawo ɗaya za su yi karo a ciki. To wa za a fifita? Na gefe, tun da shi ke ɗaukar jingina. Ka ba shi milimita 30, na gaba da na baya su samu 23. Ka matsar da ramukan zuwa fuskar waje ta ƙafa, milimita 7 daga baki, sai harsunan su wuce juna ba tare da ɗaya ya yanke ɗaya ba. Kowane rami ya fi harshensa zurfi da milimita 2, gam ya sami wurin kwanciya.

Rami ake fara haƙawa, sannan a yi harshe daidai da shi, don rage harshe ya fi gyara rami sauƙi. Ka zana ramin da wuƙa, ba fensir ba, layin wuƙa yana ba kurfi wurin tsayawa. Ka ɗaura ɗan tef a jikin bakin injin huda don ya nuna maka zurfi, ka huda ramuka a jere cikin layin, sannan ka share bangon da kurfi mai kaifi. Ka riƙa ɗora sikwaya kusa da kurfin kana dubawa. Ramin da ya karkata zai karkatar da kujera duka.

Wajen harshe, fara yanka kafaɗa. Ka matse katakai huɗu ko shida gefe da gefe, ka ja layin kafaɗa a kansu gaba ɗaya da wuƙa da sikwaya. Tazarar kafaɗa zuwa kafaɗa ita ce ainihin awon kujera: santimita 36 a na gaba da na baya, 34 a na gefe. Sannan ka tsaga kumatun harshen, ka bar shi da ɗan kauri, ka riƙa ferewa kana gwadawa.

Yaya za ka san ya yi? Harshe mai kyau yana shiga da turin hannu, ko da bugun gudumar katako biyu marasa ƙarfi, kuma in ka ɗaga katakon ƙafar ba za ta zame ta faɗi ba. In sai ka yi ta dukansa, ya yi kauri, zai tsaga ƙafar ko ya kankare gam ɗin duka wajen shiga. In ya faɗa da kansa, ya yi siriri, kuma gam ba ya cike gurbi, duk mai ce maka zai cike bai ga kujerar bayan shekara ba. Maganinsa ka manna siririn ɓawon katako a kumatun, ya bushe, ka sake ferewa. Duk harshen da ya dace da raminsa ka sa musu lamba ɗaya.

Majingina da sandunan ƙasa

Allon sama na majingina faɗinsa santimita 8 ko 9, na ƙasa 5 ko 6, a tsayin santimita 15 zuwa 20 daga mazauni, inda zai tallafi ƙugu. Miƙaƙƙen allo yana aiki, amma in ka yanko shi daga katako mai kauri ka ba shi lanƙwasa mai zurfin santimita 1.5, bayan mutum zai gode maka. Ka fitar da harsunan tun katakon yana da kusurwa huɗu, kafin lanƙwasa. Bayan an lanƙwasa babu inda sikwaya za ta zauna.

Sandunan ƙasa, masu kaurin santimita 2 da faɗin 3, suna haɗa ƙafar gaba da ta baya a tsayin santimita 15 zuwa 18. Kada ka yanka su da lissafi, domin ƙafar baya ta riga ta fita a wurin, kafaɗar sandar a karkace za ta kasance. Ka haɗa gefen kujera ba gam, ka ɗora sandar a kai, ka zana karkatar kai tsaye daga jikin ƙafar. Ta farko in ta dace, ita ce samfurin sauran.

Haɗawa

Haɗa kowace kujera ba gam tukuna, ka matse, ka duba ko kafaɗu sun rufe ba tsaga. Ka warware, ka goge dukkan sassa da sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin jijiya. Kada sanfefa ta taɓa harshe ko kafaɗa. Ka kashe kaifin kowace kusurwa da hannu ko ƙafa za su taɓa.

Farin gam yana ba ka minti biyar zuwa goma kafin ya fara kamawa, a lokacin zafi ma bai kai haka ba. Don haka ba a haɗa kujera a zama ɗaya. Ka fara da bayanta: ƙafafu biyu, katakon baya da allunan majingina. Sai gabanta. Ka shafa gam a cikin rami da kuma jikin harshe, ka sa guntayen katako tsakanin ƙarfe da kujera don kada ya bar tabo. Iroko da tik suna da maiƙo a jikinsu, ka goge harsunan da tsumma mai sinadarin asiton, wanda ke cire maiƙo, jim kaɗan kafin gam. In ƙarafan matsewa sun yi kaɗan, igiya mai ƙarfi da aka zagaya sau biyu aka murɗa da sanda tana matsewa sosai.

Bayan awa ɗaya za ka iya kwance matsi, amma sai washegari za ka haɗa gaba da baya ta hanyar katakan gefe da sandunan ƙasa. Wannan ka yi shi a kan shimfiɗar da ka tabbata a miƙe take. Da ka matse, nan take ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, mazauni ya daidaita. In ɗaya ya fi, ka karkatar da ƙarfen matsewa kaɗan zuwa gefen da ya fi tsawo har su yi daidai. Ka ja baya ka durƙusa, ka hango katakon gaba da na baya a layi ɗaya, ko akwai murɗewa. Gam ɗin da ya tsattsafo ka bar shi ya yi kauri kamar danƙo, sannan ka ɗebe da kurfi. In ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma zai shige cikin katako, ya fito fari fat idan an shafa wa kujera mai.

Sai kuma abin da ba a gani amma yake ƙara wa kujera shekaru: guntayen katako masu kusurwa uku a kowane lungu huɗu na ƙarƙashin mazauni. Kauri santimita 3, jijiyarsu ta bi doguwar fuskar, a fere su har su zauna daram, a sa gam, a ɗaure da sukuru biyu kowane ɓangare bayan an huda musu hanya.

Mazauni

Hanya biyu ce. Ko ka manna alluna masu kaurin santimita 2 su zama faranti ɗaya, ka yanke lungunan baya su zagaye ƙafafu, ka kashe bakin gaba don kada ya yanki cinya. Wannan ba a manna shi da gam a jikin kujera, saboda katako yana kumbura da damshi yana tsukewa da bushewar iska. Ta cikin guntayen lungu ake ɗaure shi da sukuru, a faɗaɗa hudar kaɗan don ya sami wurin motsi, a bar masa milimita 2 a kewayen ƙafafun baya. Ko kuma filawud mai milimita 12, a ɗora soso mai tauri santimita 4, a ja yadi ko fata a kai. Idan wannan ka zaɓa, ka rage tsawon ƙafafu da santimita ɗaya, ka huda filawud ɗin wuri uku ko huɗu don iska ta riƙa fita idan an zauna.

Daidaita ƙafafu da shafa mai

Kusan kowace sabuwar kujera tana ɗan ɗingishi. Kada ka kama rage ƙafa ɗaya da ka, za ka yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya har kujerar ta koma ta yara. Ka ɗora ta a shimfiɗa miƙaƙƙiya, ka cusa siraran katako ƙarƙashin ƙafafun da ba su taɓa ƙasa ba har ta daina motsi kuma mazauni ya daidaita. Ka kwantar da fensir a kan ɗan siririn allo, ka zagaya kowace ƙafa da shi, ka yanka a kan layin. Ta farko in ta gamu, ka auna tsayinta ka kai sauran biyar wurin. Ka fere bakin ƙasan kowace ƙafa kaɗan, don kada ya tsage in ana jan kujera.

Wajen shafi, kujerar cin abinci tana haɗuwa da ruwa da maiƙo da hannun yara, don haka banish ya fi mai zalla kariya. Ka share ƙura, ka kifa kujerar ka fara daga ƙasa. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma tsakanin kowane biyu ka bi da sanfefa mai lamba 320 sama-sama. In man katako irin mai bushewa ka zaɓa, ka shafa, ka jira kamar minti goma sha biyar, ka goge rarar tas. Tsumman da ya sha irin wannan mai kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa cikin dare. Ka shanya shi a waje a buɗe, ko ka tsoma shi cikin ruwa.

Ka ba shafin ƙarshe mako guda ya yi ƙarfi kafin a fara zama, sannan ka manna ɗan ƙyalle mai kauri a tafin kowace ƙafa. Samfurin ƙafar baya da ragowar sassan kashi na bakwai ka rubuta awon a jikinsu, ka ɗaure su wuri guda ka rataye a bango, don ranar da za a ce maka teburin zai ɗauki takwas.